Yadda Ake Tace Bairos Ɗin Cutar Zanen Ganyen Masara a Kuma Auna Yawansa

Duk manomin masara a Afirka ya san ganyen nan mai siraran zane-zane ruwan ɗorawa, masu bin tsawon jijiya suna yankewa suna ci gaba. Bairos ne ke kawo su, wanda a ɗakin bincike ake kira Maize streak virus, ko MSV a taƙaice. Ana buƙatar tatacciyar ƙwayarsa don haɗa maganin gwajin ELISA (gwajin da ke gano bairos a ruwan ganye ta canjin launi), ko don a kalle ta a madubin ilektiron, ko don a sami ma'aunin da za a kwatanta yawan cutar a cikin irin masara daban-daban.

Abubuwa uku ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai. Ƙwayar ƙarama ce ainun, ƙwallo biyu manne da juna, faɗinta wajen nanomita 22, tsawonta wajen 38, saboda haka ƙaramin injin juyi ba zai kwantar da ita ba. Na biyu, ƙwayar halittarta DNA ce mai igiya ɗaya. Wadda aka fara karantawa a Ingila a 1984 daga Najeriya aka ɗauko ta, tana da haruffa 2,687. Na uku, ba ta kama masara ta hanyar goga ruwan ganye kamar yadda wasu bairos ke yi. Sai ɗan ƙwaro mai tsalle na dangin Cicadulina ya tsotsa daga mai cuta ya kai wa mai lafiya.

Kayan aiki

- Ganyen masara mai cuta, giram 200 zuwa 500, da ganye mai lafiya na iri ɗaya kuma tsara ɗaya, aƙalla giram 100.
- Ruwan bafa, wato ruwan da ke riƙe tsami (pH) a wuri ɗaya: sodiyam asitet 0.1 M a pH 4.8. Giram 8.2 na busasshen gishirin a lita ɗaya, ko giram 13.6 in mai ruwa uku ne, a sauke pH da asitik asid. A ƙara EDTA 5 mM da makaptoitanol mililita 1 a kowace lita.
- Bilenda mai ƙarfi, ko turmin tangaran da ruwan naitirojin.
- Farin ƙyalle marar kauri na tata, mazurari, kofunan awo, mitar pH, ƙanƙara mai yawa.
- Kulorofom, PEG 6000, gishirin sodiyam kuloraid, da sukuros na ɗakin gwaji. Sukarin shayi ba zai yi ba, domin dattin cikinsa na shan haske a 260, wato zangon haske na nanomita 260 da ake auna bairos da shi.
- Santirifuj (injin juyi) mai sanyi da ke kai 12,000 ×g, da babban santirifuj da ke wuce 100,000 ×g, tare da rota (sashen da ke riƙe kwalabe yana juyawa) mai tsayayyen kwana da rota mai lilo.
- Na'urar awon haske mai karanta 260, 280 da 320, da kubet (ƙaramar kwalbar awo) na kwatz.
- Safar hannu, tabarau, da akwatin zuƙe hayaki.

Littattafai kan ba da gudu da ×g, wato ninki nawa na ƙarfin jan ƙasa, alhali injinka na iya nuna rpm kawai, wato juyi nawa a minti. Lissafin shi ne: ×g = 0.00001118 × nisa daga tsakiyar rota zuwa gindin kwalba da santimita × rpm × rpm. Kada ka kwafi rpm ɗin wani ɗakin bincike sai ka san girman rotarsu.

1. Samun ganyen da ya dace

A nan ake cin riba ko a yi asara, tun kafin a kunna wani inji. Hanya mafi sauƙi ita ce a je gona a tsinko, kuma masarar da aka shuka a makare ta fi yawan kamuwa. Matsalar ganyen gona ita ce ba ka san abin da ke cikinsa ba. Akwai wani bairos da wani ƙwaro daban ke yaɗawa mai ba da faffaɗan ratsi, akwai ƙarancin sinadarin zink, kuma shuka ɗaya na iya ɗauke da cuta biyu. In dole sai na gona, a fara tabbatarwa da PCR (gwajin da ke gano DNA na bairos) ko ELISA.

Abin da ya fi shi ne ka raini cutar da kanka a cikin keji mai raga. Ana kiwon ƙwarin a kan matasan gero. A ɗora su a kan masara mai cuta na kwana biyu, sannan a mayar da su kan shuka mai ganye biyu ko uku, ƙwaro uku zuwa biyar a kowace. Ƙwaron da ya ɗauki cutar yana riƙe da ita har ya mutu, amma ba ya sa wa ƙwansa. Cikin mako guda za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a gindin sabon ganye.

Kula da irin da ka shuka. Bayan ɓarnar da cutar ta yi a Najeriya a shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da iri masu jure mata, aikin da ya sa ta sami lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Irin da ka ga SR a ƙarshen sunansa, kamar TZESR, daga wannan zuriya yake. Alheri ne ga manomi, amma a wurinka ba shi da amfani, don ƙwayar ba ta yawa a cikinsa. Nemi tsohon iri marar juriya, ko masara mai zaƙi irin Golden Bantam da ɗakunan bincike da yawa ke amfani da ita.

A yanki ganye mako uku zuwa huɗu bayan kamuwa. Ɗauki na sama, masu tashe, waɗanda zanen ya cika su. Ganyen da ya riga ya buɗe kafin ƙwaro ya ciji shukar ba ya nuna komai, kuma ko a ganye mai cuta ƙwayar ta fi taruwa a cikin zanen ne, ba a koren wurin ba. Zare jijiyar tsakiya ka yar, nauyi kawai take ƙarawa tana kuma naɗe wuƙar bilenda. A yayyanka, a auna, a ƙulle a leda a sa a firiza. Daskarewar tana taimakawa wajen fasa ganyen, amma sau ɗaya kawai. Ganyen da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta, a haƙura da shi.

2. Niƙa

Tun daren jiya a sa bafa, kofin bilenda da rota a firji. Ga kowane giram ɗaya na ganye a zuba mililita biyu na bafa, wato giram 200 na buƙatar mililita 400. A niƙa daƙiƙa 30, a tsaya a dasa kofin cikin ƙanƙara, a sake, har sau huɗu ko biyar. Bilenda na ɗumama abu da sauri fiye da yadda ake zato, ka riƙa taɓa jikin kofin. In ana da ruwan naitirojin, a fara dake ganyen ya zama gari a turmi, sannan a zuba cikin bafa. Wannan ya fi fitar da ƙwayar, sai dai ba dole ba ne.

Ganye mai lafiya shi ma a yi masa duk abin da aka yi wa mai cuta, daga nan har ƙarshe, a kwanonsa daban. Masu koyo kan tsallake wannan don ganin ɓata lokaci ne. Shi ne kaɗai zai nuna maka ko abin da ka samu a ƙarshe bairos ne ko kayan cikin masara.

3. Tata da daidaita tsami

A ninka ƙyalle huɗu a tace, a matse sosai yadda ake matse gasara har dusar ta bushe. Yanzu a tsoma mitar pH. Ruwan ganye kan ɗaga shi sama da 5, sai a riƙa ɗiga asitik asid mai kashi 10 cikin ɗari ana juyawa har ya dawo 4.8. A bar shi yana juyawa a hankali cikin sanyi na awa ɗaya, ko ya kwana a firji.

Wannan tsamin shi ne dabarar aikin gaba ɗaya. A pH 4.8 yawancin furotin ɗin masara na dunƙulewa su faɗi, ita kuwa ƙwayar MSV tana jurewa. Za ka ga ruwan ya bar kore shar ya koma ƙasa-ƙasa da gudaji a ciki. In ya yi baƙi-baƙi, iska ta ƙona shi, alamar makaptoitanol ya yi kaɗan ko an bar shi ya yi ɗumi. Wanda ba shi da makaptoitanol na iya sa sodiyam salfait giram 1 zuwa 2 a lita, ya sake duba pH bayan ya zuba.

4. Juyin farko

A juya a 12,000 ×g na minti 20, a digiri 4. A tsiyaye ruwan da ke sama a ajiye, a zubar da koren da ya kwanta. In har yanzu ruwan na da kore, a ƙara kulorofom kashi ɗaya cikin goma na yawansa, a girgiza minti 10 cikin akwatin zuƙe hayaki, a sake juyawa. Zai rabu uku: ruwa a sama, dunƙulen kore a tsakiya, kulorofom a ƙasa. Na saman kaɗai ake so. Kulorofom na cinye kwalabar folikabonet, don haka a yi amfani da ta gilashi ko folifurofilin.

5. Tara ƙwayar

A zuba sukuros mai kashi 20 cikin ɗari, wanda aka narka a bafa, a gindin kwalbar babban santirifuj, kamar kashi ɗaya cikin biyar na cikinta. A kwantar da ruwan ganyen a kansa a hankali, ta gefen kwalba, kada su gauraya. A cika kwalaben yadda masu ƙera su suka ce, domin kwalbar da ba ta cika ba kan lotse. A daidaita kowace da kishiyarta a kan sikeli, ba da ido ba. A juya a 130,000 ×g na awa uku.

Kafin ka danna maɓalli, ka tabbatar da janareta ko inbata za su riƙe awa ukun nan. In wuta ta yanke a tsakiya, a sake daga farko da cikakken lokaci.

Ka yi wa kowace kwalba alama a gefen da ke kallon waje, nan abin zai kwanta. Wanda ake nema ƙarami ne, garai-garai, mai ɗan ƙyalli ruwan zuma, wani lokacin sai ka karkata kwalbar a gaban fitila za ka gan shi. Da yawa sun wanke nasu sun zubar suna cewa ba su sami komai ba.

In ruwan ya fi ƙarfin rotarka, ko kuwa babban santirifuj ɗin sai an yi tafiya zuwa wata jami'a, a rage shi da PEG. A zuba giram 10 zuwa 12 na PEG 6000 da giram 1.2 na gishiri a kowane mililita 100, a juya cikin sanyi awa biyu ko ya kwana, sannan a juya a 12,000 ×g na minti 20. Ƙwayar za ta kwanta tare da datti mai yawa. A narkar da shi cikin bafa kaɗan, mililita 20 zuwa 30, a sa a kula mai ƙanƙara a tafi da shi. Abin da PEG kaɗai ya bayar ya isa a kalla a madubin ilektiron ko a ciro DNA, amma bai isa a auna da haske ba, bai kuma isa a haɗa maganin gwaji da shi ba.

6. Narkarwa

A zuba rabin mililita na bafa a kan abin da ya kwanta a kowace kwalba, a rufe, a bar shi ya kwana a firji. Da safe a ja a sake da fifet a hankali, ba tare da kumfa ba. A haɗa su wuri ɗaya a juya a 8,000 ×g na minti 10, a ɗauki na sama. Gaggawa a nan na sa ƙwayar ta tafi da datti cikin abin da za a zubar.

7. Matakalar sukari

A shirya sukuros kashi 40, 30, 20 da 10 cikin ɗari. A jera su a kwalbar rota mai lilo, mai kauri a ƙasa, a bar kwalbar a tsaye a firji ta kwana don iyakokin su narke cikin juna. A ɗora mililita 1 zuwa 2 na samfur a sama. In aka cika masa kaya, layin kan baje ya haɗu da datti. A juya a wajen 100,000 ×g na awa uku zuwa huɗu, a bar rota ta tsaya da kanta ba birki.

A shiga ɗaki mai duhu, a haska siririyar tocila daga saman kwalbar. Wurin da ƙwayar take zai bayyana fari-fari mai ɗan shuɗi, wajen tsakiya. A ajiye kwalbar ganye mai lafiya a gefe a kwatanta. Layin da ya fito a duka biyun na masara ne. Sau da yawa ido ba ya ganin komai, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Sai a riƙa ɗiba mililita ɗaya-ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowace a kwalbarta mai lamba, a karanta su a 260 a zana jadawali. Akan ga tudu biyu. Na sama na ƙwallaye guda-guda ne, masu gudun 54S (S ma'aunin saurin kwanciya ne a santirifuj), na ƙasa kuma na tagwaye ne masu 76S. Ƙungiyar wani mai bincike, Bock, ce ta bayyana wannan siffa ta tagwaye a Kenya a 1974.

Babban maƙiyi a wannan mataki shi ne ribosom, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ƙera furotin a cikin ganye. Na masara suna gudu a 70S da 80S, wato sun sa tagwayen a tsakiya, kuma suna shan haske a 260 fiye da bairos ɗin kansa. Tsamin mataki na uku da EDTA ne ke wargaza su. In kwalbar mai lafiya ta ba da tudu a wuri ɗaya da mai cuta, ribosom sun tsira, sai a ƙara mataki: a narka samfurin cikin sisiyam salfet mai nauyin wajen giram 1.30 a mililita, a juya shi dare guda a 150,000 ×g. Yana da tsada, amma in allura za a yi wa zomo don haɗa maganin gwaji, ni ba na tsallake shi.

A haɗa kwalaben tudun, a tsinka da bafa ninki uku ko huɗu, a sake juyawa a 130,000 ×g na awa uku. A narkar da abin da ya kwanta cikin mililita ɗaya na bafa marar makaptoitanol, domin shi ma yana shan haske yana ɓata awo.

8. Awo da haske

A kunna na'urar ta yi minti 20. A sa ta a sifili da ainihin bafar da aka narka samfurin a ciki, ba ruwa ba. Kubet na roba ko gilashi na tare hasken 260, sai na kwatz. A tsinka samfur har karatun ya faɗo tsakanin 0.1 da 1.0, a rubuta lambobin 260, 280 da 320.

Bairos ba ya shan haske a 320, don haka abin da aka gani a can gurɓata ce da warwatsuwar haske, sai a cire shi daga sauran biyun. Ga dangin wannan bairos ana amfani da 7.7, ma'ana miligiram ɗaya a mililita ɗaya na ba da karatun 7.7 a 260 cikin kubet mai santimita ɗaya. An aro lambar ce daga ɗan'uwansa da ke kama wake, saboda haka ka rubuta a rahotonka cewa da ita ka yi lissafi.

Ga misali. An tsinka samfur sau 10, aka sami 0.420 a 260, da 0.300 a 280, da 0.035 a 320. Bayan cirewa ya zama 0.385 da 0.265. A raba 0.385 da 7.7, ya ba da 0.05. A ninka da 10, ya zama miligiram 0.5 a mililita. In mililita ɗaya ce aka samu daga giram 200, an sami miligiram 2.5 ke nan a kowane kilo na ganye. Mai son adadin ƙwayoyi ya sani kowace tagwaye na da furotin 110 a rigarta da DNA guda, wanda ke sa maikirogiram ɗaya ya ƙunshi wajen ƙwaya biliyan 150.

Kada ka yarda da 0.5 ɗin nan sai ka raba 260 da 280. A misalinmu ya ba da 1.45, daidai inda ake so, wato 1.4 ko sama kaɗan. In ya haura zuwa 1.7 ko 1.8, RNA da ribosom ne suka kumbura lambar, bairos ɗinka bai kai abin da lissafi ya ce ba. In ya sauka zuwa 1.2, furotin ɗin masara ya yi yawa. Na'urar ba ta san bairos ba, duk abin da ya sha haske ƙirga shi take yi. Karanta samfurin ganye mai lafiya ma. In ya ba da kusan rabin abin da mai cuta ya bayar, a koma mataki na bakwai.

9. Tabbatarwa

A gudanar da maikirogiram 2 zuwa 5 a jel ɗin SDS mai kashi 12, wanda ke jera furotin bisa nauyinsu. Furotin ɗin rigar MSV na fitowa a wajen kilodalton 27 zuwa 28, kuma shi kaɗai ya kamata ya yi kauri. Layi a wajen 55 da 14 na rubisko ne, furotin ɗin ganye. Inda akwai madubin ilektiron, a ɗiga samfur a kan raga a rina da yuranil asitet kashi 2, a ga tagwayen ido da ido.

Duk waɗannan ba sa nuna ko ƙwayar na iya sa cuta. Don sanin wannan, a gauraya ta da ruwan sukari, a sa tsakanin falle biyu na Parafilm (siririyar leda mai miƙewa), a bar ƙwari marasa cuta su tsotsa, sannan a ɗora su kan shukar masara a jira zane.

10. Amfani da shi wajen auna ganye

Don ELISA, a yi jerin tsinkawa na rabi-rabi daga tataccen bairos. A tsinka shi cikin ruwan ganye mai lafiya, ba cikin bafa zalla ba, domin ruwan ganye na rage karatu, kuma samfuran da za ka auna a cikinsa suke. A karanta launin a zangon haske na 405, a zana layi, a yi amfani da miƙaƙƙen sashensa kawai. Samfurin da ya wuce saman layin a ƙara tsinka shi a sake. Al'adar yawancin ɗakunan bincike ita ce a ɗauki samfur a matsayin mai cuta in karatunsa ya ninka na mai lafiya sau biyu.

Mai amfani da qPCR, wato PCR mai auna yawa, ya tuna cewa DNA yake ƙirgawa. A cikin ganye akwai DNA na bairos mai igiya biyu da ke hayayyafa ba tare da riga ba, shi ya sa lambar qPCR da ta ELISA ba sa zuwa ɗaya. In ana kwatanta iri da iri, a ɗauki ganye mai lamba ɗaya, a wuri ɗaya na ganyen, a rana ɗaya bayan kamuwa.

11. Ajiya da shara

Na 'yan kwanaki, firji ya isa. Na watanni, a gauraya da giliserol rabi da rabi a sa a digiri 20 ƙasa da sifili, a ƙananan kwalabe don kada a riƙa narkar da duka. Kada a zuba sodiyam azaid cikin bafar asitet, domin a wannan tsamin yana sakin iska mai guba. A rubuta kwanan wata, wurin da aka samo cutar, yawan da aka auna da rabon 260 da 280 a jikin kowace kwalba.

Dusar ganye, ƙyallen tata da ragowar shuka a dafa su a otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na minti 30. Ƙwarin da aka gama da su a sa kejinsu ko jakarsu a firiza ta kwana kafin a buɗe. Kulorofom na da kwalbar shararsa daban, ba a zuba shi a magudanar ruwa.